Hancin da ya kai ni asibiti

Salamu alaikum. Masu tambaya ko na daina rubutu ne: a'a, numfashi nake nema.

A Wurno an san ni da abu guda bayan karance-karance. In na shiga rudu, rumbun karan da muke ajiye albasa, nakan ɗauki albasa, in hure baƙar ƙurar da ke wuyanta, in shinshina, in faɗi ko ta ruɓe a ciki. Tun da ruwan dam ɗin Goronyo ya yawaita mana albasa nake wannan taƙama.

Sai tari. Sai rama. Wata safiya, jini a tafin hannuna.

Na taɓa yin tibi, wato tarin fuka, na warke, don haka kowa ya zama likita. Matata ta ware mini kofi.

"Malam, wanga tari ba na lahiya ba ne. Mi kake jira, sai ka hwaɗi?"

A Sakkwato aka gwada majina, babu tibi. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗibi jini. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Likitar, 'yar kudancin Kaduna, ta nuna mini wani dunƙule a hoton. Funfuna ce, irin baƙar ƙurar albasar nan, ta zauna a ramin da tsohon tibi ya bari a huhuna.

Na ce, "Ina sojojin jikin da muke karantawa? Barci suke?"

Ta ce, "Baba, ƙurar tana da riga. Su zo su duba, ba su gane ta ba. Tun fil azal wadda suka gane suke kashewa, wadda ta ɓuya ita ke hayayyafa. Jikokinta kake shaƙa."

Wato ni da kaina nake yi mata rakiya.

Watanni ina shan ƙwayoyi, ana duba hanta, ina tashin zuciya. Injin ban-ruwana ya tafi a kuɗin magani. Ban tsallake ko ƙwaya ɗaya ba, don na ƙudura ba za a yanke mini huhu saboda albasa ba.

Jinin ya tsaya. Alhamdu lillahi. Na gode wa likita, na gode wa mai ware kofi, da ku masu addu'a.

Manoma 'yan'uwana, tarin da ya ƙi maganin tibi, ku koma a sake dubawa. Kada ku hure baƙin albasa da baki. Ku danna wuyanta da yatsa, ya isa.

Jiya na koma rudu da takunkumi a fuska. Maƙwabcina ya dube ni ya ce, "Wa kake ɓoye ma?"

Na ce, "Ƙurar albasa. Ita ta fara sa riga. Ni ma na sa tawa."