Yadda Japheth Ya Cire Mu Daga Kaset ɗinmu

Tunda ɗaliban Samaru sun fara kiran ƙanena Japheth da suna Farfesa, har wani ya zo gidana da biro yana tambayata yadda ya taso, na ga gara in rubuta da hannuna kafin a cika gari da ƙarya. Ni ce Susanna, yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goya shi. Ba farfesa ba ne. Mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Sabon Gari, kuma shi ne mutumin da ya cire muryata daga kaset ɗin Zumuntar Mata.

An haife shi a Muchia, shi kaɗai namiji a cikin mata shida. Babanmu ma'aikacin reluwe ne, ba mai magana ba, mamarmu kuwa tana yin ta mutum biyu. Japheth bai taɓa kai zance ƙarshe a gidanmu ba. Da ya ce "Yaya, ina so in..." sai wata ta ƙarasa masa, yawanci da abin da ba ya so. Har ya shekara huɗu Mama na kai shi wurin addu'a, wai ko bebe ne. Ba bebe ba ne, layi ne bai zo kansa ba. Yana ɗan shekara goma ya kwance rediyon Baba ya mayar, sukurori uku suka yi saura a ƙasa, amma rediyon ya fi da kama tasha. Ya yi aji uku a sakandare, ya koyi aiki wurin Oga Chiedozie mai gyaran talabijin, ya buɗe nasa shago. Ya auri mace mai magana, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, duka mata.

Abin alfaharinsa ɗaya ne. Shekara ashirin, ba a taɓa fita da na'ura daga shagonsa ba sai ta yi magana.

A daminar 2004 wani ɗalibin zane a jami'a, Oladipo, ya kawo masa na'urar sidi wadda murfinta ba ya rufuwa. Ya bar ta da faifai a ciki, marar rubutu ko ɗaya, ya tafi hutu garinsu. Minti biyar Japheth ya gyara murfin, ya kunna don gwaji. Jita ta fara, ɗai-ɗai, kamar famfo mai ɗiga. Ya jira mawaƙi. Bayan minti shida ganga ta shigo. Ya ce to, yanzu zai buɗe baki. Goge ya shigo. Can wajen minti ashirin kiɗan ya kumbura ya cika shago kamar jirgin ƙasa zai bi ta kansa, sannan ya lafa ya mutu. Ba wanda ya ce uffan.

Mai hankali zai ce kiɗa ne kawai. Ƙanena ya ce na'ura ta haɗiye murya.

Ya canja lasifika. Ya canja waya. Ya goge idon na'urar da auduga, ya narka dalma ya bi kowace mahaɗa. Ya sa faifan wa'azi, mai wa'azi ya fito rangaɗau, sai ya ce ashe matsalar ta fi yadda ya zata, na'urar tana zaɓen wanda za ta haɗiye. Ya zaga shaguna biyar da faifan, ko'ina shiru. Oga Chiedozie ya saurara minti biyu ya ce faifan jabu ne, an kwafa an manta mawaƙin a Legas. Japheth bai yarda ba. Ya ce yana jin wurin da mutumin ya kamata ya shigo, a ƙasa yake, sai an tono shi.

Ni ina aikin buga takardu a wani ofis a Samaru, in na taso nakan biya ta shagonsa. Ran nan na same shi zaune a kan benci, ido rufe, jitar nan tana ɗiga.

"Japheth, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya. Mawaƙin nake jira."

"Tun yaushe?"

"Tun Talatar wancan makon."

"In ya iso ka gaishe shi. Ina dutsen gugana da na kawo gyara?"

Bai ko taɓa shi ba.

Ina wurin ranar da Oladipo ya dawo, bayan wata guda. Japheth ya miƙe kamar mai kai labarin rasuwa, ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, murfi ya gyaru amma murya ta gagara. Oladipo ya yi dariya har ya zauna a kan talabijin ɗin mutane.

"Baba Japheth, ai babu mawaƙi! Haka aka yi shi."

"Guduwa ya yi?"

"Ba su da shi tun farko. Fos-rok ake ce masa. Wasu samari ne a wata ƙasa mai sanyi."

Na ce, "Wato sun tara jita da ganga da goge, sun shiga ɗaki, sun rasa abin faɗa? Da sun aiko mana, mu da waƙa ta yi mana yawa."

Na zata ƙanena zai ji kunya. Wata guda yana gyaran abin da bai lalace ba. Sai na ga ya koma kan benci a hankali, ya ce, "Minti ashirin da uku. Kuma ba wanda ya katse su."

Daga ranar muka rasa shi. Kowace Asabar da rana sai ya rufe shago ya hau bas zuwa Samaru, ya zauna a ɗakin ɗalibai tsakanin gwangwanayen fenti, mutum mai shekara arba'in da biyar da furfura, duk su rufe ido kamar masu addu'ar da ba amin. Ya dawo da faifai kala-kala, duka bebaye. Ya koyi bambanta su, wai wannan kamar safiya ne, wancan kamar mutum ya tuna wani abu ya sake mantawa. In ya gyara wa mutum rediyo, da mai labarai ya buɗe baki sai ya kashe. Matarsa ta kawo mini ƙara, ta ce ta aike shi markaɗe, aka same shi tsaye gaban injin ya karkata kai, tattasai na hannunsa.

To ga inda abin ya shafe ni. Shekara goma sha tara ni ke ba da waƙa a Zumuntar Matan cocinmu, mata na amsawa. An riga an tsayar cewa ƙarshen 2005 zan sauka in miƙa wa Happiness, yarinya mai murya, ban hana ta ba. Kafin in sauka Zumunta ta shirya kaset, na farko a tarihinmu, waƙoƙi tara, shida ni na tsara su. Shekara guda muna gwaji. Abin da zan bar wa jikokina ke nan, su san kakarsu ba faɗa kaɗai ta iya ba. Uwar Zumunta ta ce mu je Kaduna a ɗauka. Ni da bakina na miƙe na ce me za mu je yi Kaduna, ga ƙanena shi ke kula da lasifikan coci shekara da shekaru. Ni da bakina.

Ranar ɗauka, Asabar da safe, mata arba'in da biyu muka hallara cikin anko. Japheth ya ce a zamanance ana ɗaukar kayan kiɗa daban, murya daban, daga baya a haɗa. Saboda haka zagayen farko masu tulu da ganga da kacau-kacau za su buga, mu kuma mu yi waƙar a zuci don kada su ɓata. Ya ɗauki makirfo mafi kyau ya zura a bakin tulun Mama Bibiana, tsohuwar da ta fi shekara talatin tana buga mana tulu a layin baya. Ya daɗe yana murɗe-murɗe, har na gaji na ce, "Japheth, ka kunna ne ko wasa kake mana?"

Ya ɗaga yatsa. Muka fara. Mata arba'in da biyu, manya da jikoki, muna rangaji muna buɗe baki muna rufewa kamar kifi a kwano. Rabaran ya leƙo ta taga, ya tsaya, ya juya ya tafi bai tambaya ba. Bayan azahar aka ɗauki muryoyi. Na ba da waƙa yadda ban taɓa bayarwa ba, har wasu suka yi hawaye. Japheth ya gyaɗa kai ya naɗe wayoyinsa.

Aka buga kaset ɗari biyu, da hotona a gaba, na ɗaura ɗankwali mai hawa biyu. Ranar ƙaddamarwa, Lahadi bayan sujada, coci ya cika, baƙi sun zo daga unguwannin Dogarawa da Jama'a. Rabaran ya yi addu'a, ya ce a kunna.

Abin da ya fara fitowa daga lasifika muryata ce: "Japheth, ka kunna ne ko wasa kake mana?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, na ɗauka kuskure ne. Sai tulu ya fara. Bum. Bum-bum. Na ja numfashi ina jiran kaina. Minti huɗu, kacau-kacau ya shigo. Minti bakwai, ganga. Mutum ɗari uku sun zuba wa lasifika ido. Can sai muka ji ruwan sama, har wasu mata suka miƙe za su je kwashe shanya, ga rana tsaka a waje.

Rabaran ya sunkuyo ya ce, "Ɗan'uwa Japheth, na'urar ce?"

"Lafiyarta lau, Rabaran."

Wani dattijo ya ce a duba waya, ta yiwu ta haɗiye murya.

Na taka har gabansa, takalmina na ƙara. "Ina muryoyinmu?"

"Yaya, na ɗora su, sai..."

Ya tsaya, yana jiran wata ta ƙarasa masa kamar kullum. Ga 'yan'uwansa mata huɗu a wurin, ga matarsa, ga 'ya'yansa. Ba wadda ta san ƙarshen wannan zance. Dole ya ƙarasa da kansa.

"...sai na daina jin hannun Mama Bibiana."

"To ina kaset ɗin da ka ɗauki murya a kai? Kawo shi yanzu."

"Ranar Laraba ruwa ya sauko a kan kwanon shago, Yaya. Irin wanda ba a samu kullum. Ba ni da wani kaset a kusa."

Shekara goma sha tara. Ya shafe ni ya ɗora ruwan sama.

Na ɗaga hannu, kuma Allah ya sani da na sauke shi a inda ya dace, sai muka ji muryar Mama Bibiana daga layin baya, da ƙarfi, don kunnenta ya yi nauyi. "Wai wa ke buga tulun nan? Ya iya."

"Ke ce, Mama," in ji Happiness.

"Ƙarya kike."

"Wallahi ke ce."

Tsohuwar ta taso da sandarta ta zauna dab da lasifika. Shekara talatin muna ihu a kanta, ba ta taɓa jin kanta ba. Ta hana a kashe. Muka zauna dole har ƙarshe, ita tana cewa "Nan na yi sauri," "Kai, ji nan, ji nan!" Kuma tunda gaskiya nake rubutawa, wajen minti ashirin, inda tulu da ganga da ruwan suka haɗu suka taso, tsikar jikina ta tashi. Ban gaya wa kowa ba, kuma bai rage masa laifi ba.

Dattawa suka karɓe makullin lasifika daga hannunsa. Shekara ta zagayo aka je Kaduna, Happiness ta ba da waƙa, ni ina layi na uku cikin 'yan amshi, ko ni ba na iya tsinto kaina. Mama Bibiana ta kwashi kaset goma ta raba wa 'ya'yanta. Sauran kuwa, Oladipo ya zuba a buhu ya kai Samaru, suka ƙare cikin mako biyu. Har yau in na hau bas zuwa aiki sai wani ƙato mai kitso ya leƙa fuskata ya ce, "Mama! Ka kunna ne ko wasa kake mana?" Oladipo ya ce wai maganar tana da zurfi, tambaya ce ga duniya baki ɗaya. Na ce masa tambaya ce ga Japheth, kuma wasa yake mana.

Wata shida ban yi masa magana ba, abin da na lura bai dame shi yadda ya kamata ba. Amma akwai kaset ɗaya a gidana. In ina tsintar shinkafa nakan kunna, in ɗora waƙoƙina tara a kai, don gurbina na nan, ba wanda ya shiga. Wata rana ya zo kawo dutsen gugana, bayan shekara biyu, ya ji ni daga ƙofa. Ya tsaya har na gama.

"Yaya, in ɗauka?"

Na ce sai watan Maris, tsakiyar zafi, lokacin da ko gajimare babu. Kuma a ɗakina, kuma ni zan danna, ni zan cire kaset ɗin da hannuna.

Haka aka yi. Guda ɗaya ne tak, yana cikin akwatina ƙarƙashin zannuwa, makulli a wuyana. Da muka gama na kunna masa ya ji, tulun Mama Bibiana a ƙasa, ni a sama, daga fari har ƙarshe. Ya rufe ido ya saurara. Da ya ƙare ya buɗe, ya ce, "Ya yi kyau, Yaya. Sai dai da a ce..."

Na ce, "Tashi ka ci abinci."