Ranar da Aka Yi wa Zurmi Teku

Ko na tsufa na manta inda na ajiye carbina, ba zan manta da yammacin da aka nuna garin mijina a talabijin ba.

Ni 'yar Kaura Namoda ce, aure ya kai ni Zurmi. Maigidana manomi ne, kuma yana son garinsu so irin na hauka. Ƙanena kuwa ya gano hakan tun da wuri, ya mayar da shi abin wasa. Kullum ya zo sai ya yi masa gorin tashar jirgin ƙasa da kwalejin fasaha da ke garinmu, ya ce har a fim ana ambaton Kaura. Maigida yakan yi dariya, amma na san abin yana ci masa rai, don duk lokacin da aka ambaci Zurmi a talabijin, labarin tashin hankali ne.

Wata rana muna kallon wani shiri mai dogon zango, sai jarumar ta share hawaye ta ce gobe za ta tafi Zurmi wajen kakarta. Maigida ya zabura har ya shure kwanon furarsa. Nan take ya kira ƙanena a waya.

"Sati mai zuwa ka taho ka ga Zurmi a hwim! In ba ka zo ba, tsoro ka ji!"

Satin nan ban huta ba. Ya shelanta wa duk unguwa, ya yanka zabi, ya sa aka fito da talabijin ƙofar gida aka ɗora a kan turmi. Ranar ya saka babbar riga kamar shi za a nuna. Ƙanena ya iso a kan babur, mu mata muka yi cincirindo a bakin zaure.

Bayan la'asar shiri ya fara. Aka rubuta ZURMI da manyan baƙaƙe, jama'a suka ɗauki tafi. Sai ga ruwa shuɗi, ba a ganin ƙarshensa, yana tumbatsa. Ga bishiyoyin kwakwa, ga kwalekwale, ga kakar tana gasa kifi a kan yashi. Tafin ya mutu. Wallahi har kukan akuyar maƙwabta na ji.

Ƙanena ya gyara zama ya ce, "Yaya, ashe teku gare ku kunka ɓoye muna?"

Da wani ne da ya yi dariya an wuce wurin. Ba maigidana ba. Ya ɗaure fuska ya ce, "Ta bayan gari ne. Ku baƙi ba ku zuwa can."

Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce, "Ni hwa can nike noma, ban taɓa jiƙa ƙahwa ba."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma da na dubi fuskar maigida sai tausayi ya kama ni. Na ji yana faɗi ƙasa-ƙasa, "Masu hwim ɗin ko zuwa garin ba su yi ba."

Ƙanena ya miƙe ya naɗe ƙafar wando, ya ce shi ba zai koma Kaura ba sai ya yi iyo. Maigida ya ce, "Mu tahi." Na yafa gyale na bi su, rabin unguwa a bayanmu, ina ta addu'ar Allah ya fitar da shi kunya.

Ƙarshen damina ne. Ya kai mu kan wani tudu kusa da gonarsa ya tsaya. Gero ne iya ganin ido, ya yi zangarniya, iska tana kwantar da shi tana tayarwa.

"Ga shi nan," in ji shi. "Wancan gishiri ne, ko sha ba a yi. Wanga namu tuwo aka yi da shi. Bismilla, hwaɗa ka yi iyo."

Ƙanena ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya ce, "Yaya, na sallama. Jirginmu ma ya daina zuwa, tekunku kuwa kowace shekara sai ya cika."

Maigida ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, ya ci zabo fiye da kowa.

Tun ranar na gane cewa wanda ya ambaci sunan garinka ba lallai ya san garin ba. Idan kana jiran baƙo ya nuna maka darajar wurinka, zai iya zana maka abin da ya ga dama. Gara ka kama hannun mutum ka kai shi ya gani da idonsa.