Kawu Dauda, Gwanin Mutuwa a Talabijin

Shekara uku ke nan da rasuwar Kawu Dauda, yayan mahaifiyata. Ranar da Mama ta gaya mini ya mutu, abin da ya fito daga bakina shi ne, "A wane fim kuma?" Ba ta mare ni ba. Ta dai ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke.

Ku yi mini uzuri. A unguwar Sparkhill da ke Birmingham aka haifi Kawu, ya yi rayuwarsa yana wasan kwaikwayo, kuma mutuwa ce sana'arsa. An harbe shi, an turo shi daga bene, an tsamo shi daga kogi. In ka ga fuskarsa a farkon shiri, je ka ɗora shayi, kafin ruwan ya tafasa an lulluɓe shi da farin zane. Karon farko da dangi a Kafanchan suka gani, sai da suka kira taron addu'a a coci.

Shi ya koya mini yadda ake faɗuwa: gwiwa ce ke fara sauka, ba a runtse ido, numfashi kuma kaɗan-kaɗan ta ciki. Na gwada a aji ranar jarrabawar lissafi, saura ƙiris malamar ta riga ni suma.

Can sai wani gidan wasa a Manchester ya ba shi abin da ya tsufa yana jira: jagoran wasa, tsohon direban bas da ke nan da ransa har a rufe labule. Ya bar flat ɗinsa a Birmingham ya tare a kujerar falonmu a Rusholme, unguwarmu a Manchester. Ni nake karanta masa ɓangaren matar direban, ina maƙale murya, yana kirana uwargida. Tari yakan katse shi a tsakiyar magana, wandonsa kuma ya fara zamewa.

"Yaya, ka je ka ga GP, likita ya duba ka," in ji Mama.

"Bari a buɗe wasan tukuna, Ladi. In suka ji ina ciwo, wani za su ba. Na gaji da kwanciya a ƙasa."

Har yau ana maimaita tsofaffin shirye-shiryensa. Makon jiya na ci karo da shi kwance a kan teburin likita a matsayin gawa, na ga cikinsa yana motsi a hankali. Na jira in ji wani abu a raina. Ban ji ba, na ƙarasa shinkafata. Abokaina yanzu da waya suke ɗaukar wasan kwaikwayonsu, dubban mutane su kalle su kafin azahar. Da ya gani, ina jin cewa kawai zai yi ba su iya faɗuwa ba.

Me ya rage? Guntayen fim da bai cika yin magana a cikinsu ba, da wasa guda da nake ɗauke da shi a kaina, nasa layin da na uwargida, ban san inda zan sauke ba.

Shekara uku da suka wuce, Kawu ya yanke jiki ya faɗi ana cikin gwajin wasan. Aka mayar da shi Birmingham, asibitin da ke unguwar Edgbaston, a can ya cika kafin ranar buɗewa. An buɗe wasan a ranar da aka sa, da wani mutum daban. Ni da Mama muka zauna a kujerun da Kawu ya kama mana. Gidan ya cika, mutumin ya yi ƙoƙari, aka yi masa tafi.