Sandunan da Aka Jingine a Zaurenmu

Mu mahauta ne a Talata Mafara, kaka da kakanni. Duk ranar kasuwa, makiyayan da ke kawo shanu daga wajen Janbako a zaurenmu suke sauka. Al'adarsu ce ba sa shiga kasuwa da sanda. Sai su jingine su a bayan ƙofarmu, su sha ruwa, su wuce kara, kasuwar dabbobi, hannu sake. Babbansu aminin mahaifina ne tun suna samari, Baffa nake ce masa. In suka haɗu ba a maganar ciniki sai sun gama tsokanar juna: shi ya ce Baba maƙiyin shanu ne, Baba ya ce masa ɗan daji.

Wata Talata labari ya shigo gari cewa shanu sun cinye shinkafar wani a Bakolori, har an sare mai gonar. Wa ya gani? Babu. Amma gari cike yake da samarin da ba su da aikin fari bare na baƙi, ga haushin sace-sacen da ake ta yi a ƙauyuka. Kafin azahar an far wa makiyaya, rumfuna na cin wuta, Baffa ya gudo gidanmu da rotse a goshi.

Wani ya leƙa zaure ya ga sanduna jere, ya fita yana ihu wai mun tara makamai. Wannan ne ke ƙona mini rai har gobe. 'Ya'yan unguwar ne fa, amma ba wanda ya taɓa gaya musu abin da jingine sanda ke nufi. Baba ya tare ƙofa yana rantse-rantse, ni kuma na fitar da Baffa ta bayan gida.

Baffa bai sake zuwa ba. Kara ta bushe, nono ya yi wuya, Baba ya rage magana. Ina kewar hayaniyar zauren nan, har warin man shanun da nake yi wa tsaki a da.

Bayan shekaru ni da Baba muka ci karo da Baffa a tashar Maradun. Suka riƙe hannu suna ta gaisuwa: iyali, gajiya, damina, dabbobi.

"Yaushe za ka taho muna?" in ji Baba.

"Ba hushi nika yi ba, aboki," Baffa ya ce. "Ɗiyana sun ce in na koma Mafara ba su yahe mani."

Motarsa ta cika. Baba bai saki hannunsa ba sai da ɗan kamasho ya daka musu tsawa. Ganinsu na ƙarshe ke nan.