Katin Girafik ɗin da Ban Taɓa Sauyawa Ba

Ni ɗan Fagge ne, kuma kafin in lalace mai gyaran kwamfuta ne ni na gaske. A Kasuwar Sabon Gari na koyi aiki, a shagon Malam Sabi'u, dattijon da a lokacin nake ganin gaskiyarsa ce ta hana shi arziki. Kullum sai samari sun shigo da laftof suna tambaya ko za a sauya musu katin girafik, wato abin da ke ɗaukar nauyin hoto da bidiyo da gem. Amsarsa ɗaya ce: "A kwamfutar tebur ake zare shi a sa wani. Na laftof da dalma aka liƙe shi a jikin bod, babban allon da ke cikinta. Ram, wato ƙwaƙwalwar aikinta, zan iya ƙara maka, wannan kuwa sai dai ka sayi wata." Su juya su tafi, ni kuwa raina yana ƙuna, ina kallon abinci yana fita da ƙafarsa.

Da na kafa nawa teburin sai na fara cewa yana sauyuwa. In karɓi laftof in ce a dawo jibi. In kwance ta, in hure ƙurar fanka, in shafa sabon man sanyaya. Sannan in shiga ciki in sauya sunan katin zuwa na wani babba, in matsa wa tsohon ya riƙa gudu fiye da ƙarfinsa, kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi. A ƙarshe in ɓamɓaro koriyar sitikar kamfanin katin daga wata matacciyar laftof in liƙa kusa da madannai. Mai kaya ya zo ya ga suna ya sauya, fanka ta daina ihu, ya biya har da godiya. Ban ji tausayin ko ɗaya ba. Cewa nake, wanda aka faɗa wa gaskiya kyauta ya ƙi, ai shi ya nemi ƙarya ta kuɗi.

Ana haka Baba Bukar ya zo. Mai sayar da huluna ne, cikin mutanen Barno da suka daɗe a unguwarmu, aminin mahaifina wanda ya tsaya a kan jana'izarsa. Ya zo rungume da laftof ɗin 'yarsa Falmata, wadda ke shekarar ƙarshe a karatun zanen gine-gine. Na'urar ta kasa ɗaukar aikin da za ta gabatar ta gama makaranta.

"Maigidanka ya ce ba ya yiwuwa," in ji shi. "Falmata ma ta ce in bari. Na ce mata ɗan gida ba zai cuce mu ba."

Na ce, "Baba, Malam ya tsufa, zamani ya wuce shi. Ka bar min ita."

Na yi mata abin da nake yi wa kowa. Har ragi na yi masa, ya sa min albarka.

Ana saura 'yan kwanaki Falmata ta gabatar da aikin, laftof ɗin ta ɗau zafi tana tsakiyar aiki, ta mutu murus. Kafin a ciro zanen daga ciki a samu aron wata na'urar da za ta iya ɗaukarsa, ranar ta wuce. Aka ce sai ta maimaita shekara.

Wurin Malam Sabi'u suka kai laftof ɗin. Ya kwance ta a gaban jama'a, ga tsohon kati nan liƙe inda kamfani ya sa shi, ya ƙone. Ya aika aka kira ni, ya nuna min da tsinken sukurdireba. "Wannan ne sabon? Ɗan banza, a hannuna ka koyi wannan?" Na tsaya ina kame-kame. Baba Bukar bai ɗaga murya ba, ya dube ni ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa, masu koriyar sitika suka yi ta ɓullowa ta kowane layi. Ba don 'yan sanda ba, da a nan za a gama da ni.

Alƙali ya ɗaure ni kan zamba cikin aminci. A gidan yari na yi ta tsine wa Malam Sabi'u, na tsine wa masu sayen ƙarya, sai da na rasa wanda zan zaga na dawo kan kaina. Abokan da muke cin tsire tare ko ɗaya bai leƙo ni ba.

Da na fito na tafi neman gafara. Na yi sallama a zauren Baba Bukar, yana zaune, bai amsa ba. Falmata ce ta fito, ta dire min matacciyar laftof ɗin a gabana. "Ɗauki kayanka," ta ce. "Shekarar na maimaita ta, ta wuce. Amma tun ranar Baba bai ƙara haɗa ido da ni ba, don kunyar shi ya kai ni hannunka. Wannan ka iya gyara shi?"

To kai saurayi mai sukurdireba a aljihu, da kai nake. Na san abin da kake rayawa, cewa kai ka fi ni wayo. Ƙarya kake, ni ma haka na ce. In an tambaye ka ko katin laftof yana sauyuwa, ka ce a'a, ka bar mutum ya tafi da kuɗinsa. Kai kuma mai kaya, in wani ya ce zai sauya maka, ka ce ya ajiye maka tsohon a tafin hannu.

Na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa. Laftof ɗin tana kan teburina da sitikarta, ita nake nuna wa duk mai tambaya. Baba Bukar ya rasu bara. Na bi gawarsa daga can baya, har aka rufe shi bai janye Allah ya isan nan ba.