Bulon da Na Ɗora wa Farfesa a Tebur

Lokacin da na sauka London karatun digiri na biyu, man fetur ya sa 'yan Najeriya sun zama abin kallo. Ma'aikatan gwamnati suna zuwa kwas suna komawa da akwatuna kamar masu ƙaura. Ni kuwa abu mafi nauyi a kayana bulo ne ja, wanda na taho da shi daga Amurka. Matata ta yi mita tun daga filin jirgi har gidan da muka kama a Catford, daga ƙarshe ta mayar da shi abin tokare ƙofar kicin.

Digirina na farko a wata kwalejin baƙar fata na yi shi, a kudancin ƙasar Amurka. Bayin da aka 'yanta ne suka kafa ta, suka fara karatu a tsohon rumbun auduga. Da aka ƙi sayar musu da bulo, sai suka haƙa yumɓu a bayan rumbun, suka buga nasu, suka gasa. Da safe aji, da yamma kwaɓa. Al'adar ba ta mutu ba har zamaninmu. Duk sabon ɗalibi sai ya cire takalmi ya shiga ramin nan ya buga bulo ɗaya, a sa shi a ginin da ake yi. Ranar da ka gama kuma a ba ka ɗaya daga ɓaraguzan ginin farko. Nawa yana da sawun yatsu huɗu a gefe, ƙanana, ina jin na mace ne. Na so makarantar nan, har yau ina son ta.

Tarihin kafuwarta nake so in rubuta a kundin digirina. Farfesan da aka ba ni ya duba aikina, wani dogon Bature mai magana a hankali, ya saurare ni yana goge tabarau. Da na gama ya ce wannan ai makarantar koyon sana'a ce, ba ta da tarihin da zai cika kundi. Ya ce ma alfarma aka yi mini da aka karɓi digirin wurin. In rubuta yadda aka kai tsarin makarantun kwana na Ingila Arewacin Najeriya, ko in nemi wani mai duba aikin. Na san abin da hakan ke nufi. Shekarar karatu ta yi nisa, in ya sake ni sai in jira baɗi, ko in koma gida hannu rabbana.

Wani abokina ma'aikacin gwamnati da ke Barking ya zo mana yini, na ba shi labari.

"Kai ma da neman magana," in ji shi. "Ka yi submitting abin da yake so, ka karɓi takardarka. In an tambaye ka inda ka yi karatu ka ce Amurka kawai, wa zai bincika? Ana rabon muƙamai a gida, kai kana nan kana rigima a kan ƙasa."

Matata tana zuba masa shayi ta ce, "Gaya masa dai, Alhaji. Sanyin garin nan ya ishe ni."

Maganarsa ta fi ta farfesan yi mini zafi. Baturen raini ne ya yi, na saba da shi. Abokina kuwa so yake in ɓoye mutanen da suka karɓe ni ina baƙo, suka ware mini ɗakin salla a makarantar da coci ke ɗaukar nauyinta.

Ranar da zan ba da amsa na zare bulon daga ƙofar kicin, na sa a jaka, na hau jirgin ƙasa. Ina shiga ofishin na ɗora shi a kan takardunsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga tarihin da ka ce babu. Mai yatsun nan an haife ta ana sayar da irinta a kasuwa, ta gina ajin da za ta zauna da hannunta. A kanta zan rubuta."

Bai taɓa shi ba. Ya ce in ɗauke, zai ɓata masa tebur. Na ɗauke, jan ƙurar da ya bari a takardun kuwa ban share ba. A makon nan ya janye daga aikina, na rasa shekarar.

Da na koma gida ranar na gaya wa matata komai a tsaye, ina jiran faɗa. Ta karɓi jakar, ta ciro bulon. Ta sa yatsunta a cikin sawun, suka zauna daidai. Ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, ashe yarinya ce," ta ce. "Kuma ka bar ni ina tokare ƙofa da ita?"

Ta goge shi da gefen zanenta, ta ajiye a saman kabad kusa da rediyo. Sannan ta ce in nemo mata babbar rigar sanyi, tunda za mu sake wani hunturun a nan.