Kila da Ƙila

Ni ban yarda da ruwa ba. A Maradi na girma, ruwan da na sani shi ne na gulbi, ya zo da damina ya tafi abinsa. Da aure ya kawo ni Park Hill, wata unguwa a ƙasar Turawa, sai ga shi ko unguwa za ni cikin gari sai na shiga feri, ƙaton jirgin ruwan da ke ƙetare da mutane. Shekara takwas ina shiga, ban taɓa zama kusa da taga ba. Maigidana ya san haka sarai. Shi ya sa har yau in na tuna abin da ya yi mini sai na ji wuyana ya ɗau zafi.

Ɗiyata tana da shekara bakwai lokacin. A lakwal, wato makaranta, aka koya musu wani kifi, ta dawo gida ba ta da zance sai nasa. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, haka muke, ina tsintar abin da na iya tsinta. Kullum sai na ji "kila wel, kila wel". Wel na gane, don ta buɗe hannuwa ta nuna mini kifi ne ƙato. Ɗaya kalmar kuwa ban tsaya tambaya ba, ai tamu ce. Na ɗauka ƙila take cewa. Har daɗi na ji, wai yarinya ta fara sa Hausa cikin zancenta.

Sai ubanta ya ce zai kai mu ganin kifin a jirgin ruwa. Na tambaye shi ko irin feri ne, ya ce irinsa ne. Na ce to me ya sa ake ce wa kifin ƙila? Ya dube ni, ya dubi yarinya, ya ce ai kifi ba ya alkawari, ƙila a gan shi, ƙila ba a gan shi. Mako biyu ina addu'a a fili, Allah ya sa ƙilar nan ta zama tabbas kar ɗiyata ta yi zuwan banza. Duk lokacin da na faɗa sai su yi dariya. Ita ta ɗauka wasa nake. Shi ya san ba wasa nake ba.

Ran Lahadi muka je Brooklyn. Jirgin ko rabin rabin feri bai kai ba. Tun yana ɗaure yake rawa. Na dubi ƙarfen da aka kewaye gefensa da shi, na ga akwai tazarar da yaro zai iya zurara ta ƙasa. Yarinya kuwa sai tsalle take. Muka tashi, dogayen gidaje suka yi ta ƙanƙancewa har suka koma kamar haƙoran mataji, ruwan ya tashi daga ruwan toka ya koma kore mai duhu.

Nan ne ta ciro littafinta daga jaka ta buɗe mini a cinya. Kifi baƙi da fari, sumul kamar an shafa masa mai, ya ɗago wata dabba mai kama da kare marar kunne a bakinsa. Na ce mene ne wannan yake yi? Ta yi ƙoƙari, baiwar Allah, ta haɗo mini Hausar da take da ita.

"Yana kashe, Mama. Kila. Mai kashe."

Na juya wajen ubanta. Gyaɗa yake ci.

"Malam, mene ne kila da Turanci?"

Ya daina tauna. Ya ce in kwantar da hankalina, ba ya taɓa mutane.

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Da na gaya miki, da kin zo?"

Da ban zo ba. Da ita ma ba ta zo ba. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona ni. Wato ya auna ni, ya ga inda ban sani ba, ya bi ta nan ya wuce da ɗiyata. Ya ci gaba da cewa sunan ne kawai, amma mutumin da ya bar ni mako biyu ina addu'ar mu haɗu da makashi, da wane kunne zan saurare shi?

Na kama wuyan hannun yarinya. Wata mata na ta magana a lasifika, ban gane abin da take cewa ba. Can sai mutane suka kwasa gefe guda, jirgin ya karkata, ɗiyata ta fizga. Ban sake ta ba. Ashe kifi ne ya ɓullo, aka yi ihu, aka tafa, ba ta ga komai ba sai bayan riguna. Ubanta yana can gaba da waya a sama. Karo na biyu ma haka. Ta fara kuka, tana cewa ina ji mata ciwo, na hana ta gani, ita kaɗai ce ba ta gani ba. Wata Baturiya ta dubi hannuna ta dubi fuskata. Na mayar mata da kallon har ta kau da kai. Amma da na sassauta yatsuna na ga shatinsu huɗu a fatar yarinya.

Sai na cire mayafina na duƙa. Na ce hau. Ta ce ita ba jaririya ba ce. Na ce hau ko ki zauna. Ta hau. Na ɗaure ta tam, ɗauri biyu a ƙirji, ƙafafunta na reto har gwiwata. Na taka zuwa gaba, na tsaya saura taki biyu ga ƙarfen, na buɗe ƙafa kamar mai daka. Kanta ya wuce na kowa.

Mun daɗe a haka, bayana kamar zai tsage. Na fara lura da tsuntsaye sun taru wuri guda, ruwan ƙarƙashinsu na tafasa da ƙananan kifaye. Sai wurin ya buɗe. Baki ne ya fara fitowa, wanda mota za ta shiga, maƙogwaronsa layi-layi kamar kunyar gona, kifaye na zubowa ta gefe. Ya huro iska, warin ya iso mu, kamar daddawar da ta kwana cikin ruwan kifi. Ɗiyata na dukan kafaɗata tana dariya. Ni ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Ba baƙi da fari ba ne. Ita ta gaya mini, tana bisa bayana, cewa wannan wani ne daban, ƙananan kifi kawai yake ci. Wai tun muna tashi matar lasifika ta ce kila ba kasafai yake zuwa ruwan nan ba. Kowa a jirgin ya ji. Ubanta ma ya ji. Ni kaɗai na yi awa uku ina tsaron ɗiyata daga abin da ba ya nan.

Ban sauke ta ba sai da ƙafata ta taka siminti. Ubanta ya biyo mu da waya, wai in ga yadda ya ɗauko hoton kifin da kyau. Na ce ya mayar aljihu. Na ce masa, a gabanta, daga yau duk kalmar da na ji ban gane ba ita zan tambaya, ba shi ba. Ya yi dariya kaɗan, ya ga ba na yi, ya bari. Yarinya ta riƙe hannuna da kanta har tashar bas, da hannun da bai yi ciwo ba.